Ɗigo Ɗaya Duk Minti Biyar

Ranar Juma'a 1 ga Afrilun 2022, bayan La'asar, ina kishingiɗe a zauren gidanmu a Zariya ina jiran zafi ya sassauta, sai saƙo ya shigo zauren WhatsApp ɗinmu na masu koyon zane a kwamfuta. Wani ɗan Kano da ke karatu a ƙasar waje ne ya turo. Adireshin intanet ne kawai, a ƙarƙashinsa ya rubuta: "Ku fito gayya." Lokacin mun haura mako shida a gida, tun 14 ga Fabrairu da malaman jami'a suka shiga yajin aiki, kuma zaman ya fara cin raina. Don haka ban tsaya tambaya ba, na latsa.

Wani makeken allo ne ya buɗe a Reddit, wani dandalin tattaunawa na intanet, sunan allon r/place. Na tarar an riga an fara cika shi: nan tuta, can rubutu, can wani abu da ba a gane kansa ba tukuna. Da na zuƙo sosai sai na ga ashe gidaje ne ƙanana masu kusurwa huɗu, jere reras kamar takardar littafin lissafi. A ƙasa akwai launuka goma sha shida. Na zaɓi shuɗi, na nemi wani farin gida, na ajiye. Nan take agogo ya bayyana yana ƙirga minti biyar da baya. Bai kai ga cinye minti guda ba wani da ban sani ba, a wata ƙasar da ban sani ba, ya ɗora ja a kan shuɗina. Na zauna ina kallon wurin har agogon ya ƙare.

Dokar wasan ke nan gaba ɗayanta. Allon yana da gida dubu a kwance, dubu a tsaye, wato ɗigo miliyan ɗaya. Kowa na da ikon sa ɗigo ɗaya a duk inda ya ga dama, ko da a kan na wani ne, sannan ya jira minti biyar kafin ya sake. Babu mai fili, babu mai shinge. Wani ɗan yankin Wales mai suna Josh Wardle ne ya fara kawo wannan dabara a 2017, lokacin yana aiki da Reddit, shi ne kuma daga baya ya ƙirƙiro wasan kalmomin nan na Wordle. Na farkon ya yi awa 72, mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu. Wannan na 2022 shi ne karo na biyu. Na yi lissafi a raina: mutum ɗaya, ko bai runtsa ba, ɗigo goma sha biyu yake da shi a awa. Da wannan ko harafi ɗaya mai kyau ba za ka tsayar ba kafin a taka shi. Wanda ya tsara abin ya ɗaure hannun kowa ne da gangan, yadda dole ka nemi na wani. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ɗan Kano ya kira shi gayya.

Kafin Magariba zauren namu ya ɗauki zafi. Mu kusan sittin ne a ciki, amma masu magana ba su fi talatin ba. Yawanci 'yan Kano da Kaduna da Zariya da Jos, sai wani ɗan Damagaram, da wata ɗalibar zane daga zangon Kumasi, da wasu biyu masu karatu a Khartum. Shawarar farko da aka kawo ita ce tutar Najeriya, tunda kowace ƙasa tuta take kafawa, ga shi tana da sauƙi, kore da fari kawai. Ɗan Damagaram ya rubuto a hankali: "'Yan'uwa, in tuta za a yi zan taya ku, amma ba tawa ba ce." 'Yar Kumasi ta sa hannu a maganarsa. Aka ɗan yi shiru. Wani ya kawo kalmar "Sannu" da manyan baƙaƙe, wani ya ce ƙofar gari, wani ya ce rakumi. A ƙarshe aka tsaya a kan dagi. Har a nan ma sai da aka ja, don wani ya ce dagi ya zama tambarin siyasar Arewa, bai so a ɗauka ƙungiya muke tallatawa. Ni ne na ce masa ya leƙa tsofaffin gidajen cikin birnin Zazzau ko na Damagaram ya ga abin da magina suka zana a saman ƙofofi, ya duba wuyan riga da jakar fata. Dagi ya girmi kowace jam'iyya. Launi kuwa ba a sha wahala ba: shuɗi mai duhu irin na baba, a kan fari.

Aka ce ni zan fitar da zanen, tunda na ɗan fi sauran sabawa da zanen ɗigo-ɗigo. Na ji daɗi ƙwarai, kuma na zuba duk abin da na iya. Na yago takarda mai gida-gida daga tsohon littafin ƙanwata, na haɗa huɗu da salatif, na zana dagi mai gida 45 a kowane gefe, da inuwa, da ado a bakin kowane reshe. Da na gama na ƙirga: ɗigo 2,025. Mu talatin, ko da babu wanda ya tashi daga wurin kuma babu wanda ya taɓa mana, sai mun haura awa biyar. Na san ba zai yiwu ba, amma zuciyata ta ƙi rabuwa da shi.

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, mai zanen hula ne. Shi ke fitar da zane a jikin yadi, mata su karɓa su ɗinka a gidajensu, daga nan ta wuce wurin masu wanki da guga kafin ta isa kasuwa. A ƙofar gidanmu yake zama da yamma. Na kai masa takardar na ce, "Kawu, ku duba mini wannan, an ce ya yi girma." Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, bai tambaye ni mene ne Reddit ba, abin da ya tambaya shi ne, "Hannu nawa ne za su ɗinka?" Na ce talatin, kuma ba sa ganin juna. Ya ce, "To, ɗana, ba don kanka kake zane ba, don su kake yi. Zanen da mai ɗinki za ta tsaya tana tambaya, mai zanen ne ya gaza." Ya karɓi biro, ya soke inuwar duka, ya soke adon bakin rassan. Ya ce idan hula ƙarama ce ba a matse zanen babba a kanta, ana zubar da duk abin da ido ba zai nema ba. Sannan ya ƙara da abin da ya cece mu washegari: a fara kafa iyaka, a bar cike sai daga baya. Wanda ya ga iyaka ya san wurin da mai shi.

Na dawo da shi gida 25 a kowane gefe, ɗigo 625. Sai wata matsalar ta fito. Kyan dagi yana cikin yadda igiyoyinsa ke ratsa juna, wannan ta bi ta sama, waccan ta nutse ta ƙasa, ta sake ɓullowa. A ƙaramin fili wannan saƙar ta ɓace, abin ya koma kamar tauraro mai kumburi. Na yi ta gwadawa har aka sanar an ga wata, Sarkin Musulmi ya ce gobe Asabar ɗaya ga Ramadan, gari ya ɗauki hayaniya, ni ina nan da biro. Na tura abin da na samu a zaure. Bayan ɗan lokaci 'yar Kumasi ta dawo da shi a gyare. Abin da ta yi ƙarami ne: duk inda igiya za ta nutse, ta bar farin ɗigo ɗaya a kowane gefen wadda ke sama. Ɗigo goma sha wani abu kawai ta canza, sai ga dagi ya tashi yana saƙe da kansa. Ba zan ɓoye ba, na ji wani abu ya tsaya mini a ƙirji. Ni aka ba aikin, na kwashe awanni, ita ta warware shi kafin shayi ya huce. Na riƙe wayar na ɗan jima kafin na rubuta, "Malama, naki ya fi. Da shi za mu tafi." Tun daga wannan lokacin na daina ce masa zanena.

Yunƙurinmu na farko a daren nan ne, bayan an idar da asham, kuma bai kai ko'ina ba. Allon ya riga ya cika maƙil. Muka sami wani ɗan lungu da ya yi kama da kango, muka fara, kowa na sa ɗigo inda ya ga ya dace. Wasu suka fara daga tsakiya, wasu daga gefe, mutum biyu suka yi kuskuren gida ɗaya a ƙirga, duk aikinsu ya karkace. Kafin mu kai rabi, wata tuta da ke maƙwabtaka ta miƙe ta bi ta kanmu kamar ruwan Agusta ya bi ta kan shuka. Ba su ma san da mu ba. A idonsu tarkace ne, kuma gaskiya a lokacin tarkacen ne.

Sauran daren na yi shi ina yawo a allon, kuma a nan na koyi aikin. Jamusawa sun shimfiɗa tuta doguwa suna ta ƙawata cikinta da ƙananan zane-zane, cikin tsari kamar masu aikin gini. Tutar Yukiren na nan da faɗinta, makonni biyar kacal da fara yaƙin, mutane daga ko'ina suna kare ta. 'Yan Kanada sun sha fama da ganyen da ke tsakiyar tutarsu, kowa na gyara ta inda yake gani, ganyen ya ƙi fita, har wasu suka yi ta mayar da shi ayaba. Na tausaya musu, don ciwonmu ɗaya: hannu da yawa, babu takarda ɗaya. Su kuwa 'yan Holan, kafin a tashi sai da suka fitar da wani shahararren zane na 1642 na Rembrandt, tsohon mai zane ɗan ƙasarsu, mai duhu da haske da fuskoki barkatai, ɗigo bayan ɗigo. Akwai kuma wani baƙin abu da ake kira Void, wanda ba shi da zane, yana dai yaɗuwa yana lashe na mutane. Abin da na lura shi ne duk wani zane da ya tsaya da ƙafarsa, akwai ɗaki a bayansa, yawanci a manhajar hira ta Discord, inda ake raba aiki, ake da masu gadi, har da masu zuwa sulhu da maƙwabta.

Da safe muka sake shiri. Ɗan Damagaram, wanda ashe lissafi yake karantawa, ya buɗe jadawali, ya ba kowane gida lamba biyu, ta kwance da ta tsaye, da launinsa. Aka raba layuka 25, kowa ya san nasa. Ni na sami na goma sha uku, wanda ya ratsa tsakiya. Masu kwamfuta suka sa wata 'yar manhaja a burauza da ke ɗora inuwar zanen a kan allon, kowane gida da ɗan tabo a tsakiyarsa yana nuna launin da ya kamata. Mu masu waya ba mu da wannan gatan, sai ƙirga da ido. Abu ɗaya ya rage, fili, kuma babu shi.

Da yammacin Asabar, azumin farko, ana ta haramar buɗa-baki, ƙamshin ƙosai ya cika gida, sai ɗan Kano ya turo saƙon murya yana haki: "An ƙara allo! An ƙara allo!" Reddit sun ninka faɗinsa zuwa dama, sabon fili fari fat mai ɗigo miliyan guda, launuka ma an ƙara. Duniya duka ta kwasa a guje. Ɗan Damagaram ya zaɓi kusurwa, ya turo lambobi biyu, ya ce kowa ya tara su da na jadawalinsa. Na rubuta da manyan baƙaƙe: iyaka tukuna. Gida 96 ne kewayen, mu talatin da 'yan kai, zagaye uku da ɗan ƙari. Waɗannan mintuna goma sha biyar zuwa ashirin, ban taɓa jin lokaci ya yi nauyi haka ba. Ka sa naka, ka zauna hannu a ɗaure, kana kallon shuɗin layi na tsawo da kansa, ɗigo daga Jos, ɗigo daga Khartum, ɗigo daga Kumasi, ga wasu baƙi na matsowa daga hagu. Da kewayen ya haɗe, sai na ga abin da Kawu ya faɗa da idona: masu matsowar suka zo daf da layin, suka tsaya, suka karkata. An kira salla ina da saura minti biyu a agogo. Na sha ruwa da dabino, na sa ɗigona, na tafi masallaci. Kafin a fita asham dagi ya cika.

Na ɗauka an gama. Ashe ginin shi ne mai sauƙi. Duk minti sai wani ya jefo ja ko kore a tsakiyar farinmu, wani don wasa, wani don kuskure, wani yana ƙoƙarin ɓoye ɗan mutum-mutumin wasan Among Us, wanda aka cusa a kusan kowane zane a allon. Aikin ya koma irin na mai tsaron gona lokacin da gero ya fara nuna: ba ka shuka komai, kora kawai kake. Ƙanwata, wadda ke aji biyar a sakandare, ta buɗe akawun ɗinta ta shigo. Ita ke riƙe takarda tana karanto lamba, "Yaya, goma sha uku da bakwai, ya zama ja," ni ina nema. An ɗauke wuta tun rana, ga wahalar fetur da ake ciki a watannin nan, babu zancen tada janareta saboda zane. Waya ɗaya na wurin mai caji a bakin titi, ɗaya na hannu, muna musanyawa. Data kuwa allon na shan ta kamar rairayi, sai muka koyi zuƙowa kan unguwarmu kawai mu bar sauran duniya.

Maƙwabtanmu na dama wasu ɗalibai ne daga gabashin Turai, suna zana jan fure. Furen ya fara cin layinmu na ƙarshe, wasu a zaure suka ce a rama. Ɗaya daga cikin 'yan Khartum ya ce a bari ya je ya same su. Ya bi sawu har ɗakinsu na Discord, ya yi sallama, ya nuna musu takardarmu. Ashe su ma a ƙirga suka kuskure, ganyen furen na buƙatar gida biyu da suka faɗo cikin namu. Muka duba, gidajen biyu na kusurwa ne, ba su taɓa jikin dagin ba. Muka bar musu. Su kuma suka tambayi ma'anar zanen, ya yi musu bayani iya saninsa, suka ɗora inuwarsa a kwamfutocinsu tare da tasu. A kan iyakar aka sa 'yar ƙaramar zuciya, rabi ja rabi shuɗi, wadda ita ce alamar amana a duk faɗin allon. Sai ga wani amfani da babu wanda ya tsara: lokacin da muke tafiya asham su suna zaune, lokacin da barci ya kwashe su wajen ƙarfe huɗu na asuba mu mun tashi sahur. Na sha gyara jan furen nan da hannun hagu, cokali na hannun dama. Har yau ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ranar Lahadi da dare aka sake ninka allon, wannan karon zuwa ƙasa, ya zama gida dubu biyu a kowane gefe, ɗigo miliyan huɗu, launi talatin da biyu. A sabon filin ne Faransawa suka kama kusurwar ƙasa ta hagu, ƙarƙashin jagorancin masu watsa shirin bidiyo kai-tsaye a dandalin Twitch irin su Kameto, suka fitar da fuskar Zidane, suka yi ta fafatawa da 'yan Sifaniya da Amurkawa. Yadda suke yi abin kallo ne: mutum ɗaya ya nuna wuri a allonsa, dubban masu kallonsa su sauke ɗigo a daƙiƙa guda. Mun ɗauka wannan rigimar manya ce, ba ta shafe mu ba.

Can cikin dare ta iso. Wani mai watsa shiri, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya zaɓi yankinmu don ya kafa tambarinsa. Ina kallo, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, dagi da fure da zuciyar da ke tsakaninsu da wasu ƙananan zane biyar ko shida suka koma launi ɗaya. Ƙanwata ta ajiye takardar, ba ta ce komai ba, ta shige ɗaki. Zaure ya rikice. A nan ne wani ya kawo shawarar bot: akwai manhajar da za ka ba ta zane da tarin akawun na bogi, ta riƙa sa ɗigo da kanta dare da rana. Ya ce manyan ma da shi suke aiki, kuma da alama wasunsu haka ne. Ya ce mu talatin ba za mu iya da dubu talatin ba, wannan ma gaskiya ne. An yi musu mai zafi, har mutum huɗu suka fice. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi, kuma har yanzu ina kan bakana. In dagi kawai muke so a allo, a kwamfuta ba zan ɓata fiye da minti biyar ba wajen zana shi. Abin da ya sa na allon ya zama wani abu shi ne kowane ɗigo a cikinsa wani ne ya jira minti biyar ɗinsa, yana da wurare miliyan huɗu da zai iya kashe shi, ya zaɓi ya kashe shi a nan. In na'ura ta karɓi wannan, zanen zai tsaya, amma babu kowa a cikinsa. Manomin da ya kira gayya ya san bambancin gonar da 'yan'uwa suka nome da wadda aka biya tarakta, ko da amfanin ya zo ɗaya.

Masu irin wannan farmaki ba sa daɗewa. Da mai shirin ya juya wani wuri, jama'arsa suka bi shi, tambarin ya zama marar gadi. Masu furen ne suka fara tuntuɓar mu. Suka ce sun haɗa kai da sauran waɗanda aka share, za a tashi zane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taya, a fara da mafi ƙanƙanta. Namu ne na uku a layi. Wajen sahur ɗin Litinin na ga abin da ban zata ba: dagin da ya ci mana kusan awa biyu ranar Asabar ya dawo cikin kamar minti ashirin, kuma yawancin hannayen da suka sa shi ba su taɓa jin kalmar Hausa ko ɗaya ba. Na je na taso ƙanwata, na miƙa mata wayar ba tare da na ce komai ba.

Sai dai bai dawo daidai yadda yake ba. A tsakiyarsa, a kan layina na goma sha uku, wani ya sa ɗigo rawaya guda ɗaya inda takarda ta ce fari. Na goge shi. Bayan minti kaɗan ya dawo. Wani a Jos ya goge, ya sake dawowa. Ko mutum ɗaya ne mai naci, ko mutane daban-daban ne suka ga wurin na neman wani abu, oho. 'Yar Kumasi ta ce, "Ku ɗan ja baya ku kalle shi daga nesa." Na rage zuƙowa. Rawayan ya zauna a cibiyar dagin kamar maɓallin zinariya a wuyan riga, ya tara idon mai kallo wuri ɗaya, igiyoyin suka zama kamar daga gare shi suke fitowa. Ɗan Damagaram ya buɗe jadawali ya canza gida na goma sha uku da goma sha uku daga fari zuwa rawaya. Daga nan muka koma kare shi.

Litinin ta wuce cikin gadi. Ana ta raɗe-raɗin za a rufe, babu wanda ya san yadda za a yi. Gab da sha biyun dare agogonmu, na ga wani kore ya faɗo a reshen hagu na dagin, a kan layina. Agogona na da saura minti biyu. Na rubuta a zaure cewa na gan shi, kowa ya bar mini. Da lokacin ya cika na buɗe launuka, sai na tarar babu shuɗi, babu ja, babu komai sai fari. Na ɗauka wayata ce, na rufe na sake buɗewa. Saƙonni suka fara zubowa: kowa fari kawai yake gani. Haka aka tsara ƙarshen. Mutum sama da miliyan 10 sun sa ɗigo fiye da miliyan 160 cikin kwana huɗu, yanzu kuma su da kansu za su share, don duk inda ka taɓa fari zai koma. Kusurwar Faransa ta fara dusashewa, sauran suka bi, kamar hazo na sauka a kan gari. Wasu a zaure suka ce kada kowa ya taɓa namu, a bar baƙi su yi. Wasu suka ce gara mu da muka gina. Ni na riƙe ɗigona ban sa shi ko'ina ba. Ni da ƙanwata muka zauna a tsakar gida, wuta ba ta dawo ba, hasken wayar kaɗai a fuskokinmu, muna kallon igiyoyin na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Furen ya riga mu tafiya. Rawayan ya ɗan jima shi kaɗai a cikin farin, sannan shi ma ya tafi.

Da asuba 'yar Kumasi ta turo hoton fuskar kwamfutarta da ta ɗauka mintuna kaɗan kafin launuka su ɓace. Na kai wurin masu wankin hoto aka fitar mini da shi, na nuna wa Kawu. Ya sa tabarau, ya bi igiyoyin da farcensa, sama, ƙasa, sama, har ya zagayo. Ya tsaya a kan rawayan ya ce, "Wannan wa ya sa?" Na ce ban sani ba. Ya gyaɗa kai. Sai farcen ya gangara reshen hagu, ya tsaya a kan koren nan da ban samu na gyara ba, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Na ce, "Layina ne, Kawu. Saura minti biyu."